Barin Tomcat ya tsare ƙofar manhaja

Makarantun kuɗi da yawa a Kaduna, daga Kawo har Barnawa, yanzu suna neman manhajar intanet wadda malamai za su riƙa shigar da makin jarrabawa a cikinta, ma'aji ya duba wanda ya biya kuɗin zango, shugaban makaranta kuma ya ga komai. Abin da na lura da shi wajen matasan da ke karɓar irin wannan aiki da harshen Java shi ne, kusan kowa yakan zauna ya rubuta nasa tsarin shiga tun daga tushe, alhali sabar da manhajar ke gudana a kanta, wato Tomcat, manhajar da ke karɓar buƙatun burauza ta miƙa su ga manhajar Java, ta zo da nata tsarin tantancewa wanda aka daɗe ana amfani da shi. A ganina barin wannan aiki a hannun sabar ya fi aminci, muddin an san inda ikonta ya tsaya.

A cikin web.xml, fayil ɗin saitunan manhajar, ake shirya yawancin abin. Ana bayyana matsayai a ƙarƙashin security-role, a ce malami da maaji da shugaba, sannan a rubuta security-constraint mai cewa duk adireshin da ya fara da /malamai/ babu mai buɗe shi sai wanda ke riƙe da matsayin malami. Daga nan sai login-config, inda ake zaɓar hanyar shiga ɗaya daga cikin huɗu, BASIC ko DIGEST ko FORM ko CLIENT-CERT. Ga makaranta FORM nake zaɓa, domin tana ba mutum damar tsara shafin shiga da tambarin makarantar, har ma da Hausa idan an so. Sharaɗinta shi ne fom ɗin ya aika bayanai zuwa j_security_check, guraben kuma su amsa sunan j_username da j_password. Harafi ɗaya ya kauce, babu mai shiga. Kalmar sirri kuwa a fili take tafiya a wannan hanya, saboda haka wajibi ne a sa transport-guarantee ya zama CONFIDENTIAL, don sabar ta karkatar da mai shiga zuwa HTTPS, hanyar da ke ɓoye bayanai yayin tafiya.

Sunaye da kalmomin sirri suna fitowa ne daga abin da Tomcat ke kira Realm. Wanda ya zo da sabar yana karanta fayil ɗin tomcat-users.xml, kuma ya wadatar lokacin gwaji, amma makarantar da ke ɗaukar sababbin malamai kowane zango tana buƙatar DataSourceRealm, mai karantawa daga teburori biyu na rumbun bayanai, ɗaya na masu amfani, ɗaya na matsayinsu. Kada a adana kalmar sirri yadda aka rubuta ta. SecretKeyCredentialHandler yana sarrafa ta da PBKDF2, wata hanyar rikita kalmar sirri, ta yadda ko an sace rumbun ba za a karanta ta kai tsaye ba. LockOutRealm kuma, a tsarinsa na asali, yana rufe asusu na daƙiƙa 300 bayan an yi kuskure sau 5. Wani ƙaramin abu da ke cinye wa mutane yini guda shi ne, idan an rubuta Malami da babban baƙi a rumbun bayanai, aka kuma rubuta malami da ƙarami a web.xml, sabar za ta karɓi kalmar sirrin amma ta mayar da kuskure mai lamba 403, wato an hana shiga.

Akwai tarko a batun http-method, wato irin buƙatar da burauza ke aikawa, kamar GET na neman shafi da POST na aika bayanai. Wanda ya ambaci GET kaɗai a cikin ƙa'idarsa ya bar POST da sauran hanyoyin a buɗe. Ya fi kyau kada a ambaci ko ɗaya, sai ƙa'idar ta hau kan dukkansu, ko kuma a saka deny-uncovered-http-methods, wanda ya zo a cikin Servlet 3.1, ƙa'idar manhajojin intanet na Java, a shekarar 2013.

Iyakar wannan tsari ita ce ta fi damuna. Sabar tamkar mai gadi ce da ke duba katin shaida a bakin ƙofa, abin da ta sani kawai adireshi ne da matsayi, ba ta san wane aji ne na wane malami ba. Malamin lissafi na aji biyu, idan ya sauya lambar aji a cikin adireshin, zai iya buɗe makin aji uku, kuma Tomcat ba zai hana shi ba tunda shi ma malami ne. Wannan binciken a cikin manhajar ake yin sa, a ɗauki sunan mai shiga da getRemoteUser, a gwada shi da jadawalin azuzuwa kafin a nuna ko a sauya komai. Haka nan ƙa'idojin ba sa aiki a kan shafin da manhajar da kanta ta miƙa wa buƙata ta RequestDispatcher, sai a kan abin da burauza ta nema kai tsaye.

Sannan a ɗakin malamai sau da yawa kwamfuta ɗaya ce kowa ke amfani da ita, zaman shiga na Tomcat kuwa sai an yi minti 30 ba a taɓa komai ba kafin ya mutu da kansa. Ni nakan rage session-timeout zuwa minti 10, in kuma sa maɓallin fita a saman kowane shafi, wanda ke kiran logout sannan ya rushe zaman da invalidate.