18 ga Yuni, Ranar Alfahari

Yau da safe wayata ta tuna mini cewa 18 ga Yuni ce, ranar da masu galahanga (autism) irina suka keɓe tun shekarar 2005 domin yin alfahari da yadda aka halicce su. Wata ƙungiya ta masu wannan yanayi, mai suna Aspies For Freedom, ita ce ta soma ta, shi ya sa ta bambanta da ranar 2 ga Afrilu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta wayar da kai kan galahanga, wadda galibi iyaye da likitoci ne suke magana a madadinmu. Na karanta saƙon, na kife wayar, domin a lokacin ban ji wani alfahari a raina ba.

Wunin ofis ya yi mini nauyi. Doguwar fitilar da ke saman teburina tana wani siririn ƙara wanda babu mai jin sa sai ni, kuma a taron da muka yi na awa biyu na kafa idona a kan karan hancin mai magana, dabarar da na koya tun ina yarinya don a ɗauka ina kallon mutane cikin ido. Na yi murmushi inda ake murmushi, na danne hannuwana a ƙarƙashin tebur don kada su motsa. Da na dawo gida sai da na zauna cikin duhu kusan awa guda kafin harshena ya sake.

Da daddare yayata ta kira ni. Ɗanta yana da shekara bakwai, ba ya magana, kuma idan hayaniya ta yi masa yawa yakan ciji bayan hannunsa har ya yi jini. Da na ambata mata ranar, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Ƙanwata, ke da kike magana, kike aiki, ke ce za ki yi alfahari. Ni da na kwana uku ban runtsa ba, da me zan yi?"

Ban yi mata gardama ba, domin gaskiya ta faɗa. Tun 2013 likitocin Amurka suka haɗa ire-irena da ire-iren ɗanta ƙarƙashin suna ɗaya, amma nauyin da muke ɗauke da shi ba ɗaya ba ne, kuma ba ni da hurumin yin magana da bakinsa. Abin da na iya gaya mata shi ne, bayan wani likita mai suna Leo Kanner ya bayyana yara 11 masu wannan yanayi a 1943, an shafe shekaru ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai rashin nuna ƙauna ne ya mayar da 'ya'yansu haka, har sai da bincike ya rushe zancen. Na ce, "Yaya, alfaharin da nake nufi shi ne in daina jin kunyar kaina, ke ma ki daina ɓoye shi a ɗaki idan an yi baƙi. Wahalar tana nan, amma kunyar mutane ne suka ɗora mana ita."

Ba ta ce ta yarda ba. Sai dai bayan mun ajiye waya ta turo mini bidiyonsa yana zaune a ƙasa, yana jera murafan kwalba launi-launi, ja a layi ɗaya, shuɗi a layi ɗaya, fuskarsa a sake kamar yadda ban taɓa ganinta ba. Ni ma haka nake yi da maɓallan riga ina ƙarama, har aka riƙa buge mini hannu na daina. Na kalli bidiyon sau huɗu, na rubuta mata cewa don Allah kada ta bari kowa ya share masa layin, kuma gobe zan kawo masa murafan da na tara.