Asabar a tsibirin Bute

Yau dai na samu na fita daga Gilasgo, kaina ya ɗan huta da karatu. Ni da abokin ɗakina muka hau jirgin ƙasa zuwa Wemyss Bay, daga nan jirgin ruwa minti 35 sai ga mu a Rothesay, babban garin tsibirin Bute a Sikotilan. Iska kam ba a magana, hulata saura kaɗan ta bi teku.

Tsohuwar fadar garin tana nan kusa da tasha, tafiyar ƙafa ce. Abin da ya bambanta ta da sauran na Sikotilan shi ne a zagaye aka gina katangar, ga gwalalo cike da ruwa ya kewaye ta, sai ka tsallaka gada kafin ka shiga, dabarar ganuwa ce dai irin wadda muka sani sai dai tasu ta dutse ce. A 1230 mayaƙan Norway suka yi mata ƙawanya, na ciki suna ta kwararo musu tafasasshen kwalta daga sama su kuma suna saran katangar da gatari don dutsen ba shi da tauri, har suka fasa suka shiga. Na sa hannu na shafa dutsen, wlh kamar zai marmashe. Yanzu kango ne, ciyawa da tsuntsaye, amma har gobe magajin sarautar Birtaniya in ya shigo Sikotilan da sarautar Rothesay ake kiransa, wato Yarima William a yanzu.

To amma abin da ya kawo ni Mount Stuart ne, wani katafaren gida, kamar mil 5 kudu da gari, bas muka hau. Kai jama'a! Akwai kuɗi akwai kuma kuɗi. Tsohon gidan gobara ta cinye shi a 1877, sai mai gidan, John Crichton-Stuart, Marquess (wata sarautar Turawan Birtaniya) na 3 na Bute, ya sa Robert Rowand Anderson ya zana masa sabo da jan dutse. Kana shiga babban falon sai wuyanka ya ƙage don kallon sama, ginshiƙai na marmara kala-kala, rufin can ƙololuwa an zana taurari an saka ƙananan gilasai suna ƙyalli, tagogin kuma burujai 12 ne aka jera da gilashi mai launi, rana na bugowa sai ja da shuɗi su zubo a kan dutsen. Abokina da surutu ba ya ƙare masa sai da ya yi tsit.

Mutumin fa da alama taurari sun shiga ransa sosai, akwai wani ɗaki da aka zana a silin ɗinsa yadda sama take ranar da aka haife shi a 1847. Ni dai na ce a'uzubillahi a raina na wuce, amma aikin hannu ne na gaske, ba ƙarya. Sai ƙaramin cocinsa na cikin gida, ya koma Katolika ne a 1868, farin marmara tas, daga sama jan gilashi yana sauko da haske ja a kan farin. Har da wurin ninkaya mai ruwan ɗumi a cikin gida tun wancan zamanin, ga lantarki, lokacin da talakan tsibirin ke fama da fitila.

Na tambayi dattijuwar da ke zagayawa da mu, na ce Mama, wai wannan dukiya daga ina? Don ni ban ga abin da tsibirin nan ke da shi ba in ban da tumaki da shanu. Ta yi dariya ta ce daga Cardiff ne, can Wales. Mahaifin mai gidan ne ya gina tashar jiragen ruwa a can, gawayin kwal da ake haƙowa a kwarurukan Wales ta tashar yake fita duniya, yaron kuma yana jariri ɗan wata 6 uban ya rasu ya gaji komai. Tun daga nan kallon ginshiƙan ya canza min, ina ganin marmara ina tuna masu shiga rami da duhun asuba. Kuma duk da haka gidan bai kammalu ba har ya mutu a 1900, ta nuna mana kan wasu ginshiƙai da ba a sassaƙa ba, dutse ne kawai a dunƙule kusa da 'yan uwansa masu ganye da furanni.

Lambun ban iya zagaye shi ba, ƙafata ta gaji, mun dai gangara bakin ruwa na haɗa azahar da la'asar a kan rigar sanyina.

Da muka dawo gari yunwa ta ci mu, muna neman abin da ya halatta sai muka faɗa shagon wasu 'yan Siriya, cikin iyalan da aka kawo tsibirin gudun hijira a ƙarshen 2015. Na yi sallama, mai shagon ya amsa da fara'a har da ƙarin baklawa biyu kyauta. Shayin da zafinsa, na sha kofi biyu, abokina kuma ya sa aka ƙunsa masa na Lahadi.