Kaurin fenti ne ya kashe mini katin Magic

Katin wasan karta na Magic: The Gathering faɗinsa milimita 63 ne, tsawonsa 88, kaurinsa kuwa bai kai rabin milimita ba. Ni kuma na lafta masa fentin akirilik kamar mai yaɓen ɗaki. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Niyyata in faɗaɗa zanen ya cinye baƙin gefen katin. Na dirje gefen da abin goge fensir har santsin ya ragu, na kafe katin a kan kwali da salatif ɗin takarda, duk lafiya lau. A shimfiɗar farko gaggawa ta ci ni. Baƙin yana ta leƙowa ta ƙarƙashin shuɗin sama, sai na danna fenti mai kauri sau ɗaya don in huta. Ya bushe da tudu. Ko a cikin leda yatsa yana jin sa. Alƙalin gasa ya laluba tarin katunan, ya zaro shi ba tare da ya duba ba, ya ce ba zai shiga ba. Kuma gaskiyarsa, katin da hannu ke ganewa ya zama mai alama.

Maganin baƙi launin toka ne. A tsinka shi da ruwa ya koma kamar madara, a shafa sau biyu ko uku, kowace shafa ta bushe sarai kafin ta gaba. Daga nan launi yake hawa ba gardama. Sai dai ruwan ma da nasa sharrin: katin takardu ne aka manne, in ya sha ruwa sai ya lanƙwashe, bakinsa ya kumbura. Shi ya sa nake dangwala buroshi, lamba 0 ko 1, a kan tsumma kafin ya taɓa kati.

Fentin da ya zarce kan suna ko akwatin rubutu, tsinken sakace mai ɗan laima yana kankare shi. Kada a rufe suna da kuɗin "mana", wato alamomin abin da ake biya kafin a buga katin, alƙalai na duba su. Asiton kuwa, wato sinadarin goge fenti, a bar wa kati mai ƙyalli, na takarda zalla cinye fuskarsa yake yi.

Banish ma, wato ruwan kariya da ake fesa wa fenti, ƙarin kauri ne. Feshi ɗaya marar sheƙi, daga nisan kamar santimita 30, ya isa. Yanzu kafin in taɓa kati mai tsada sai na gwada haɗin a kan katin ƙasa (land, mafi araha a wasan) na banza, in cusa shi cikin guda goma, in rufe ido in laluba. Wancan na farkon yana cikin akwati, ko kallonsa ba na son yi.