Nauyi ya yi daidai, amma wane ƙulli ne?

Watanni shida na farko a lab ba abin da nake sai haɗa feftayid guda ɗaya, wato gajeriyar sarƙar amino asid, wani difensin mai sisteyin shida (sisteyin amino asid ne mai ɗauke da salfa), irin ƙananan furotin ɗin nan da jiki ke kashe baktiriya da su. Jera sarƙar ba ita ce wahalar ba, dabarar da Bruce Merrifield ya kawo tun 1963 ce dai har yanzu, ka kafa amino asid na farko a jikin wasu ƙananan ƙwayoyin roba da ake kira rezin ka wanke, ka ɗora na biyu ka wanke, a haka har ƙarshe. Inda ake yin ta sai bayan ka yanko shi daga rezin, don sisteyin shidan nan dole su kama juna biyu-biyu su yi gada uku ta salfa, kuma hanya 15 za su iya kamawa alhali ɗaya ce tak irin ta jiki.

Ranar da na kai samfur na'urar auna nauyi lamba ta fito cif, nauyin ya ragu da 6 kamar yadda ya kamata tunda kowace gada haidirojin biyu take zubarwa, na ruga wajen malamina da takarda. Ya duba ya ce madalla, to wanne ne a cikin 15 ɗin? Wallahi nan take jikina ya yi sanyi, ai dukkansu nauyinsu ɗaya ne, na'urar ba ta san wa ya kama wa ba, kuma ga ƙololuwa har uku a HPLC, na'urar da ke rarrabe abubuwan da ke cikin samfur, alamar ba abu ɗaya ne a ciki ba, da na kau da kai daga gare su don lambar ta min daɗi.

Sai da na koma farko. Na rufe sisteyin biyu da Acm sauran da Trt, wasu murafai ne na sinadari da ke hana su ƙulluwa sai an cire, na bari na Trt suka fara ƙulluwa, daga baya na buɗe na Acm da ayodin. Na kuma daina cika ruwan da feftayid don in gama da wuri, in ya yi kauri sarƙoƙin junansu suke kamawa ruwan ya yi dishi-dishi, aikin sati biyu ya tafi kenan. A tsinke sosai, pH (ma'aunin tsamin ruwa) wajen 8, a bar shi ya kwana.

Abin da ya fi tsaya min shi ne hBD-3, wani difensin na ɗan adam, a 2003 aka nuna ko an sauya masa tsarin gadojin yana kashe baktiriya, amma kiran ƙwayoyin garkuwar jiki da yake yi ya dogara da ƙullin. Ga kuma maganin iseganan da aka kwaikwayo daga furotegirin, wani feftayid mai kashe baktiriya na alade, a farantin noman baktiriya kisa yake ba wasa, da aka kai gwaji mataki na uku a kan marasa lafiya bai ci ba. Shi ya sa yanzu ko feftayid ɗina ya kashe baktiriyar E. coli a faranti ba na rubuta komai a littafi sai na sake gwada shi cikin gishiri da ruwan jini tukunna.