Ga Golan da Ke Zaune a Benci

Ƙannena masu tsaron raga, musamman ku da ake kira gola na biyu, da ku nake. Ɗan gaba ko ɗan tsakiya idan yana benci yana sa ran a sako shi ko da saura minti ashirin ne. Gola kuwa sai na gabansa ya ji ciwo ko an ba shi jan kati, har kaka ta ƙare bai taɓa ƙwallo a wasan gasa ba. Na yi irin wannan zama a wata ƙungiya ta jiharmu, na tashi hannu rabbana. Shi ya sa nake so ku san tarihin Nuno Espirito Santo, golan benci da ya zama babban koci.

An haife shi a 1974 a Sao Tome, tsibirin nan da ke cikin teku kudu da Najeriya, ya taso a Fotugal. A 1997 ya koma Deportivo La Coruna ta Sifaniya, ya tarar Jacques Songo'o na Kamaru ya riƙe raga gam, marigayi Peter Rufai namu kuma ya zo ƙungiyar a shekarar. Sai aka tura Nuno aro Merida, daga nan Osasuna. A 2002 ya dawo gida ya shiga Porto, nan ma Vitor Baia ya sha gabansa. Da Jose Mourinho ya ci kofin UEFA a 2003 da kofin Zakarun Turai a 2004, Nuno yana benci yana kallo.

Kallon nan nake so mu tsaya a kansa. Duk cikin fili babu mai ganin wasa kamar gola, don 'yan wasansa goma suna gabansa, yana ganin inda ɓaraka ta fara tun kafin ta zama ƙwallo a raga. Golan benci ya ƙara da wani abu: yana kusa da koci. Yana jin abin da koci ke faɗa wa mataimakinsa, yana ganin lokacin da aka yanke shawarar canji, ana hutun rabin lokaci yana ɗaki ana magana, shi kuwa bai gaji ba balle maganar ta wuce shi. Ni duk wannan ya wuce ni. Idona yana kan mutum ɗaya, golan da ya hana ni wuri, ina ƙirga kurakuransa. Idan aka ci shi, a baki in ce kash, a zuci kuwa Allah ya san abin da ke ciki. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa koci ya janye ɗan gefe ya ƙara mutum a tsakiya ba. Daga baya da aka ba ni yara in horar, na tarar ban iya komai ba sai kama ƙwallo da kuma yi wa 'yan baya ihu. Abin da aka yi ta nuna mini kyauta, sai na koma ina nemansa da furfura.

Fushin benci ya kuma sa na rage atisaye, ina cewa me zai sa in kashe kaina tunda ba a sa ni. Ku dubi Disamban 2004 a Japan, wasan ƙarshe na kofin nahiyoyi tsakanin Porto da Once Caldas ta Kolambiya. Ana cikin ƙarin lokaci Baia ya kasa ci gaba, aka kira Nuno, wasa ya kai bugun fenariti, Porto ta ɗauki kofi. Kiran gola na biyu haka yake zuwa, babu sallama. Ranar da nawa ya zo jikina ya yi nauyi, ƙwallon da a da nake kamawa ba wahala ta wuce ta ƙarƙashina. Koci bai yi mini faɗa ba, wani gola ya nemo.

Sai maganar takarda, wadda ta fi damuna da ku. Nuno yana cikin buga wasa a Porto ya je Sikotlan kwas ɗin horarwa a 2009. A can ya haɗu da wani matashi, Ian Cathro, wanda daga baya ya zama mataimakinsa. Da ya yi ritaya a 2010, ya karɓi aikin horar da gololi a ƙarƙashin tsohon kocinsa Jesualdo Ferreira, a Malaga sannan a Panathinaikos ta Girka. Mutumin da ke da lambar Zakarun Turai a ɗaki yana jefa wa wasu ƙwallo da safe. Sai a 2012 aka ba shi Rio Ave, ƙaramar ƙungiya, ya kai ta wasan ƙarshe na kofuna biyu na Fotugal a 2014. Ni an taɓa ce mini in riƙa duba gololin ƙaramar ƙungiyarmu, na ga abin raini ne. Kwas kuma kullum sai baɗi, har iyali suka zo, kuɗi da lokaci suka yi ƙaranci. Lasisin horarwa na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, hawa-hawa ne, daga D zuwa C, B da A, kuma akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas da ke koyar da horarwa. Ku je ofishin hukumar ƙwallo ta jiharku ku tambayi lokacin da za a yi na farko. Ku gyara karatunku da rubutunku tun yanzu, don a kwas ana rubuta jarabawa, da Turanci ko Faransanci.

Wanda ya kalli Wolves ta Nuno ya ga idon gola a cikinta. Ya karɓe ta a 2017 a rukuni na biyu na Ingila, ya hau da ita Firimiya a 2018, ta ƙare ta bakwai sau biyu a jere. Daga tsaron baya ya fara gini: 'yan baya uku, a toshe tsakiya, a ƙwace ƙwallo a ruga. Ya ɗauki Conor Coady, ɗan tsakiya, ya mayar da shi tsakiyar 'yan bayan nan, saboda yana da baki kuma yana iya raba doguwar ƙwallo. A ganina wanda ya daɗe yana kallon bayan 'yan wasa ne zai hango haka. A 2020 Wolves ta kai zagayen 'yan takwas a gasar Europa, Sevilla ta fitar da ita da ci 1-0. Kocin Sevilla a ranar Julen Lopetegui ne, wanda shi ma ya sha benci a matsayin gola a Real Madrid da Barcelona, kuma shi ya ɗaga kofin a shekarar.

Kada in rufe ku. Nuno yana da Jorge Mendes, babban dillalin 'yan wasa, wanda Nuno ne ɗan wasan da ya fara wakilta, kuma wannan abota ta buɗe masa ƙofofin da ni da ku ba mu da su. Aikin kansa ba shi da tabbas: Tottenham ta ɗauke shi a Yunin 2021 ta sallame shi a farkon Nuwamba. Ya tafi Al-Ittihad ta Jidda ya ci gasar Saudiyya a 2023, kafin shekarar ta fita an sallame shi a can ma. Idan haka ake yi da irinsu, ku ƙiyasta yadda ake yi da koci a nan, inda albashi ke maƙalewa wata da watanni. Don haka mai sana'a a cikinku, ɗinki ne ko gyaran waya ko kasuwa, kada ya sake ta saboda ƙwallo.

Wasan da za ku yi a wannan mako, ka shiga benci da ɗan littafi da biro. Ka rubuta inda kowace ƙwallon da aka ci ta samo asali, ka koma baya ƙafa uku ko huɗu kafin bugun ƙarshe. Ka rubuta canjin da koci ya yi da mintin da ya yi shi. Ka bar shi ranar wasa, ransa a ɗaure yake. Washegari bayan atisaye ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi, ka ce, "Koci, don Allah me ka gani ka fitar da wane?"