Mun kira malamanmu su sha lemo a yi hoto kawai

Ƙannena masu karatun lafiya a Katsina da Daura da Kankia da Malumfashi, musamman ku masu zumuɗin haɗa kai a fita ƙauye duba mutane kyauta, ku ɗan tsaya ku ji tawa. Na taɓa jagorantar irin wannan fita ina ajin ƙarshe a karatun nas, kuma wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

A guruf ɗin WhatsApp muka haɗu, mu 'yan nas da 'yan lab da 'yan famasi da ɗaliban likita guda uku. Haɗuwar kam ba laifi, dama tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin cewa ɗaliban fannoni daban daban su riƙa koyo tare, kowa ya san aikin ɗan'uwansa kafin a haɗu a kan gadon mara lafiya. Amma a zaman farko da wata ta ce a saka malamai cikin shirin, ni na miƙe na ce ina, in suka shigo ƙwace mana abu za su yi, su kuma kawo mana rigimarsu ta wa ya fi wa, wadda kullum muke gani tsakanin likitoci da sauran ma'aikata. Har tafi aka yi min. Muka buga musu katin gayyata kawai, biyu suka zo suka zauna ƙarƙashin kanofi suka yi jawabi suka wuce kafin sha ɗaya, kuma ba laifinsu bane, abin da muka kira su yi kenan.

Watan Agusta ne, tsakiyar damina, rabin layin mata ne da yara masu zazzaɓi. Kwalayen gwajin maleriya ashe kwana biyu suka yi a bayan motar wani cikinmu tana ajiye a rana, alhali a jikin kwalin an rubuta iyakar zafin da suke ɗauka, mai kula da sito da muka raina da kallo ɗaya zai hana. Sannan maganin maleriyar da ake ba yara da nauyi ake lissafa shi, yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya safe da yamma har kwana uku, to ɗan famasi ya tambayi nauyin yaro sai aka fara kallon kallo, mun zo da lasifika da rigunan da muka buga suna, ba mu zo da sikeli ba.

Bayan azahar wata mai ciki wata takwas ta zo, ƙafafu a kumbure, ciwon kai, tana cewa gani take dishi dishi. Na auna hawan jininta 170 kan 115, na sake aunawa haka. Duk mun karanta cewa daga 160 kan 110 haɗari ne, jijjiga na iya kama ta ko yaushe, to amma sai me? Babu mai lasisi a cikinmu, babu mai ikon rubuta takardar tura ta babban asibiti, bas ɗinmu kuma mun sallame shi sai la'asar. Ma'aikaciyar ƙaramin asibitin garin, dattijuwa wadda ko gaisuwar kirki ba mu je mun yi mata ba, ita ta fito ta ce ku matsa 'ya'yan nan, ta rubuta takarda, ta kira mai unguwa aka samo mota, ta bi matar da kanta.

To dan Allah in za ku shirya, ku taka ƙafa ku je ofis, kada ku tura saƙo. Ku nemi malami ɗaya daga kowane sashe tun ranar farko, kuma ku ba kowa aiki takamaimai, Malam kai za ka duba jerin magunguna, Sista ke za ki tsaya da mu har a tashi. In kun ce masu "a taimaka mana" kawai, Allah ya taimaka za su ce. Ku duba lokacin jarrabawa da makin takardu kafin ku sa rana, su ma mutane ne. Mai sito, mai kati, direba, da ma'aikacin asibitin garin da za ku, su ma a zauna da su.

Rigimar da nake gudu kuwa, da muka sake shiri na biyu an yi ta, malamin lab da Sista suka kai minti ashirin suna musu a gabanmu kan wa zai ɗibi jini wa zai rubuta sakamako. Mu dai muna zaune muna saurare, a nan na fara jin dalilin da ya sa 'yan lab ke maido mana da kwalbar gwaji in ba a rubuta suna da lokaci a jikinta ba, shekara uku ina zaton wulaƙanci ne kawai.