Mi za a ɗora yau da dare?

Wallahi tambayar nan ta mi za a ɗora da dare ta fi girkin kansa gajiyar da mutum. Na rana shi da sauƙi, kowa ya san ko shinkafa ce ko taliya, amma da la'asar ta yi, an taso daga aiki, ɗiya sun dawo makarantar allo da yunwarsu, kuɗin cefanen da maigida ya bayar tun safe kuma sun bi safiyar, to nan ake yin ta. Ni dai abin da na lura da shi a nan Tahoua, matar da ke da busassun kayan miya a ɗakinta ba ta cika shan wannan wahalar ba, ko da gidan babu nama ko tsoka ɗaya. Firijo ba abin dogaro ba ne, a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuran ya tafi ya bar ki da miya ta yi tsami, amma abin da rana ta busar ba ruwansa da kuran.

Gabu, wato busasshiyar albasa da aka gasa a kasko aka daka, shi ne farko wurina. Mu da Allah ya ajiye garin Galmi a jiharmu, mai albasar da ake loda wa manyan motoci ana kai ta har Gana da Kodebuwa, abin kunya ne a ce muna kukan tsadar albasa. Wajen Maris zuwa Afrilu in kin bi hanyar Konni zuwa Madawa buhuna ne jibge bakin titi, araha kamar a ce ɗauki kyauta, amma bari damina ta wuce ki ji kuɗin da za a gaya miki kan ƴan ƙwara uku. To lokacin arahar nan nake saye da yawa, in yanka siriri-siriri, in baza a tabarma cikin rana har ta bushe ƙayau tana ƙara in an taɓa. Sai in ɗora kasko ba mai, wuta kaɗan, in riƙa juyawa har ta yi ja mai duhu, ƙamshi ya cika gida. Kada a matsa daga wurin ko kaɗan, don tsakanin ja da ƙonewa ba nisa, kuma gabun da ya ƙone ɗaci ne da shi, ya ɓata miya duka. In ta huce a daka a zuba a kwalba a rufe. Ganyen albasar ma ba a zubarwa, ana kirɓa shi a dunƙula a shanya.

Haka tumatir lokacin sanyi da ƴan garka ke kawo shi tasa-tasa, a yanka a shanya ya zama kauɗa. Kuɓewa kuma da kaka. Kuka, daudawa, tonka, ƙuli-ƙuli, in waɗannan na nan to an gama rabin aiki.

Miyar busasshiyar kuɓewa da gabu ita ce mai fidda ni kunya. Ruwa a tukunya, dakakkiyar kauɗa, daudawa, tonka, gishiri, cokali guda na gabu, ɗan busasshen kifi in akwai, a bar su su tafasa sosai har warin daudawar ya kwanta, wannan shi ne wurin da masu sauri ke kuskurewa. Sannan a rage wuta a riƙa barbaɗa garin kuɓewar ana kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji, kuma kada a rufe tukunyar bayan an kaɗa, sai ta zubo. Kafin tuwon hatsi ko na masara ya silala ta yi. Man shanu kaɗan a kai, shi ke nan. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu in ta ga ina ɓare dunƙulen maji na uku sai ta ce "ɗiyata, ke miya taki duk ta kanti ce? ina daudawar batso?" Kuma gaskiyarta, mun saba da maji har harshenmu ya mutu, miyar gidan kowa ta koma ɗanɗano ɗaya. Ban ce a daina ba, ni ma ina sawa, amma ɗaya ya isa in daudawa da gabu sun ji.

Ba dole ba ne kullum tuwo, duk da akwai mazan da in ba su ga malmala ba sai su ce ba a yi girki ba, ko mi aka ba su. Dambu da zogala abincin dare ne mai kyau, kuma ba ya cin kuɗi. Tsakin masara ko na shinkafa a wanke a tsane, a turara shi a madambaci zagaye na farko, a sauke a yayyafa ruwa a murmushe da hannu, a haɗa da zogalar da aka dafa aka matse, a mayar ya ƙara turaruwa. A gefe a soya mai da albasa mai yawa, ba ƴar kaɗan ba, a zuba a kai da garin ƙuli-ƙuli da yaji. Mutanen Yamai sun iya shi ƙwarai, can har da sardin ko soyayyen kifi suke ɗorawa. In ma gajiya ta yi yawa, zogalar kaɗai a kwaɗa da ƙuli da tumatir da albasa, a jiƙa garin rogo a haɗa, yara sun fi kowa so.

Shinkafa da wake da mai da yaji ba sai na koya wa kowa ba. Abu ɗaya dai, a jiƙa waken tun da rana, yana rage cin gaz ko icce sosai, kuma a bi kanwa a hankali, wasu na zubawa har abincin ya yi baƙi ya riƙa ɗaci wai don ya yi saurin nuna.

Ranar da aka samu kifin Tabalak kuwa ranar gata ce. Tafkin na kan hanyar Agadas, ba shi da nisa da mu, kuma masu kawo shi na shigowa gari da ɗanye da kuma wanda aka yi wa banda. Ɗanyen nakan wanke da lemun tsami, in shafe shi da tafarnuwa da yaji in soya, sai a yi miyar albasa zalla, albasa da yawa a bar ta ta narke a mai da ɗan mutar da masoro, a ci da burodi ko dafaffen dankali. Bandan kuma shi nake ɓoyewa don miyar kuka, ƙaramin yanki ma ya isa ya canja tukunya duka.

Lokacin bazara kam gaskiya wani daren ba wanda ke son ganin wuta. Fura da nono mai sanyi, in an samu ƙanƙara a saya a jefa, ɗan cuku na Abalak a gefe ga mai so, kowa ya sha ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Maigida zai yi ƙorafi ya ce fura ai ta rana ce, amma sai kin ga ya ƙara ludayi.

Tuwon dare kuma a riƙa tuƙa shi da ɗan yawa saboda ɗumamen safe, sai dai miyar a sake tafasa ta kafin a kwanta in zafi ake, kada a ƙara sa cokali ciki bayan nan.